Babin Tangaran na Abul Ƙasim Bakashane: Abin da Ya Faɗa da Abin da Aka Ɗora Masa

A shekara ta 700 ta Hijira, watau wajen 1301 Miladiyya, wani malami na fadar sarakunan Mongol na Farisa, wai shi Abul Ƙasim Abdullahi ɗan Ali, mutumin birnin Kashan, ya rubuta littafi da Farisanci a kan duwatsu masu daraja da kayan ƙanshi. Sunan littafin Ara'isul Jawahir wa Nafa'isul Aɗayib. Da ya zo ƙarshe sai ya rufe shi da wani ɗan babi a kan sana'ar gidansu, watau ginin tangaran. Babin bai wuce 'yan warƙoƙi ba, mutum ya fara bayan Azahar ya gama tun ba a kira La'asar ba. Amma duk wanda ya shiga gidan ajiye kayan tarihi a Landan ko Balin ko Alkahira, ya karanta bayanin da aka liƙa a gindin kwanukan tangaran na ƙasashen Musulmi, to, kashi mai yawa na abin da ya karanta game da yadda aka gina su daga waɗannan 'yan warƙoƙi ya samo asali. Kaya mai nauyi aka ɗora wa ƙaramin jaki, ya kamata a duba ko zai ɗauka.

Littafin ya tsira cikin kofi biyu da ke Istanbul, ɗaya na zamanin mawallafin, ɗaya an kwafe shi a 1583. A 1935 Ritter da Ruska da Sarre da Winderlich suka buga babin tare da fassarar Jamusanci. Iraj Afshar ya buga littafin duka a Tehran a 1966, sa'an nan J. W. Allan ya fassara babin da Turanci a 1973, kuma ta hannunsa yawancin masu karatu suka san shi.

Kafin a shiga zancen sai an daidaita kalmomi, gama Hausa ba ta tanadi sunaye ga wannan sana'a ba. Maginan tukwane na ƙasar Hausa su kan gina tulu da randa da kasko da hannu, su goge su har su yi sumul, su gasa su a fili ko cikin rami, ba sa shafa musu wani abin da zai narke ya zama ƙarau. Tangaran kuwa baƙo ne, daga fatake aka san shi, shi ya sa sunansa na biyu, faɗi-ka-mutu, bai faɗi kome game da shi ba sai saurin fashewarsa. Gasa tukwane da rufin ƙarau bai zama abin koyarwa a Arewa ba sai da Michael Cardew ya kafa makarantarsa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu a ke kira Suleja, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Sabo da haka a nan za a ce ruwan ƙarau ga abin da a ke shafa wa kwano ya narke a wuta ya rufe shi, a ce tanderu ga ginin da a ke gashi a ciki, a ce ƙyallin zinariya ga zanen nan na azurfa da jan ƙarfe da ke walƙiya in haske ya buge shi.

Wanene Abul Ƙasim? Ta wajen jini, ɗan gado ne. Kakansa Muhammadu ɗan Abu Ɗahir yana cikin waɗanda suka yi allunan tangaran na hubbaren Ƙum a 1206 da na Mashhad a 1215. Ubansa Ali ya sa hannu a kan manyan mihrabai na ƙyallin zinariya wajen 1264, ɗan'uwansa Yusufu kuma ya ci gaba da sana'ar har zuwa 1334. Ta wajen aiki kuwa, marubucin tarihi ne a fada. Shi ya rubuta tarihin Sarki Uljaitu, wanda ya yi mulki daga 1304 zuwa 1316, kuma cikin wannan littafi ne ya yi kukan cewa Waziri Rashiduddin ya ci gumin alƙalaminsa, ya karɓi ladar babban littafin tarihin da shi ya sha wahalarsa. Watau mutum ne wanda ya tashi yana jin warin hayaƙin tanderu, amma abincinsa a bakin alƙalami ya ke. Wanda ya manta ɗaya daga cikin waɗannan biyu zai karanta babin a karkace. Masu ɗaukarsa a kan littafin koyon sana'a sun manta bafade ne ya rubuta wa fadawa, masu raina shi a kan ji-ta-ji-ta kuma sun manta a gidan wa aka haife shi.

Sana'ar da ya bayyana ta riga ta shekara wajen 450 kafin ya ɗauki alƙalami. A ƙarni na 9 jiragen ruwa su na kawo farin tangaran na ƙasar Sin zuwa Iraƙi. Jirgi guda da ya nutse kusa da tsibirin Belitung wajen 830, aka gano shi a 1998, an same shi da kayan tangaran kimanin 60,000. Maginan Basra ba su da irin farin yumɓun Sin, ba su kuma da tanderun da zai kai zafin nasu, sai suka zuba kuza cikin ruwan ƙarau ya yi fari fat ya ɓoye launin yumɓun da ke ƙasa. Da suka sami farin fili sai suka yi rubutu a kai da shuɗi, kana suka ɗauko dabarar ƙyalli daga masu aikin ƙarau, waɗanda suka san ta tun ƙarni na 8. Daga Iraƙi ƙyallin ya bayyana a Masar zamanin Faɗimiyyawa, 969 zuwa 1171, sa'an nan Sham, sa'an nan Farisa, inda kwalba mafi tsufa mai ɗauke da shekara ta ke nuna 575 ta Hijira, watau 1179.

To, inda babin ya fi ƙarfi shi ne bayanin jikin kwanon kansa. Abul Ƙasim ya ce a ɗebi awo 10 na farin dutsen ƙanƙara da aka niƙa aka tankaɗe da ƙyallen siliki, a haɗa da awo 1 na niƙaƙƙen ƙarau da awo 1 na farin yumɓu da aka jiƙa. Duk maginin da ya ji wannan zai yi mamaki, gama tukunyar da yumɓunta bai wuce kashi ɗaya cikin 12 ba, ai ba tukunyar yumɓu ba ce, garin dutse ne aka ɗaure. Yumɓun ya riƙe shi yana ɗanye, ƙarau ya narke a wuta ya kama ƙwayoyin dutsen ya haɗe su. Abin da ya fito fari ne, mai ƙarfi, in an yi shi sirir har haske ya kan ratsa. Da masana na ƙarni na 20 suka yanka gutsattsarin kwanukan Kashan suka duba da madubin ƙara girma, abin da suka gani ya yi kusa ƙwarai da wannan awo. A nan babin ya ci jarrabawa, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce maganar da aka rubuta shekara 700 da suka wuce ta dace da abin da na'ura ta auna.

Haka kuma bayanin dafa ƙarau. Ya ce a ƙone wata ciyawa ta ƙasa mai gishiri, wadda su ke kira ushnan, a ɗebi tokarta a haɗa da garin dutsen kusan daidai wa daida, a dafa cikin tanderu a na motsawa da ludayin ƙarfe har su narke su zama ɗaya, kana a riƙa kwasa a na zubawa cikin ramin ruwa. Da ya iso nan sai alƙalaminsa ya farka. Ya kwatanta ƙarar da a ke ji da tsawa, har ya ce baƙon da bai taɓa gani ba sai gwiwarsa ta yi sanyi. Wannan ba maganar mai kwafe littafi ba ce. Sauran littafin, musamman sashen duwatsu, ya jingina da littattafan magabata irin na Nasiruddin Ɗusi, kuma muryarsa a can muryar mai tattara zance ce. A nan kuwa a na jin yaron da ya taɓa tsayawa bakin ramin yana toshe kunne. Irin wannan shaida ta cikin harshe ita ce hujja mafi ƙarfi a kan cewa ya gani da idonsa, ta fi ma salsalar gidansu, domin mutum ya kan zama ɗan maƙeri bai taɓa riƙe zuga-zugi ba.

Akwai ƙananan abubuwa da yawa irin wannan. Ya san a na sa kowane kwano cikin wani akwatin yumɓu mai murfi don kada harshen wuta ya lashe shi. Ya san wuta ta kan yi awa 12, ba a buɗe tanderu sai bayan mako guda. Ya san a Bagadaza da Tabriz a na ɓare bawon itacen da za a ƙona domin kada ya yi hayaƙi. Ya san miskali guda na zinariya a na buga shi ya zama falle 24, a yanka da almakashi a manna da danƙo.

Wahalar babin ta fara ne daga harshensa. Sunayen ma'adinai da ya kawo, wasu na littafi ne, wasu na kasuwar Kashan, wasu na bakin magina, kuma bai faye rarrabewa ba. Kalmar lajward ta isa misali. A wurin masu sayar da duwatsu tana nufin shuɗin dutsen nan mai tsada na Badakshan. A wurin magina kuwa tana nufin ma'adinin kobal da a ke haƙowa a ƙauyen Ƙamsar kusa da Kashan, wanda mutanen wurin ke kira Sulaimani don sun ce Annabi Sulaimanu ne ya gano shi. Abu biyu ne dabam, launi kawai ya haɗa su, kuma cikin littafi guda a ke samun ma'anonin duka biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Mai fassarar da ya dogara da ƙamus kaɗai zai sa magina niƙa dutse mai daraja a banza. Ma'aunai ma haka. Mannu, wanda da shi ya ke auna yawancin kayan, ya bambanta daga gari zuwa gari kamar yadda mudun wannan kasuwa ba ya cika na waccan. Inda ya ba da awo cikin mannu zalla babu laifi, gama rabon ya na nan ko mannun wane gari ne. Inda ya gauraya mannu da dirhami cikin haɗi guda, nan ne lissafi ya ke kuɓucewa, kuma abin takaici, a haɗin ƙyallin zinariya ya yi haka. Allan ya yi aikin kirki da ya bar irin waɗannan kalmomi da Farisanci ya bi su da bayani. Laifin na waɗanda suka zo bayansa ne, masu tsamo jimla daga fassarar su yar da bayanin, har zato ya koma tabbas a hannu na uku.

Ƙyallin zinariya shi ne abin da ya ɗaukaka sunan Kashan da na gidan Abu Ɗahir, sabo da haka nan mai karatu ya ke sa ran babin zai yalwata. Ya faɗi kayan haɗi: zarniki ja da rawaya, da markashisa, da wani gishirin ƙarfe mai ruwan ɗorawa, da ƙonannen jan ƙarfe, da dirhami 6 na azurfa da aka ƙona da farar wuta. A niƙa su lilis, a dama da ruwan inabi ko ruwan tsami, a yi zane a kan kwanon da aka riga aka gasa, a mai da shi wani tanderu na biyu da aka gina musamman. Shi ya sa ya ke kiran launin da sunan wuta biyu. Sa'an nan ya ce a ba shi hayaƙi kaɗan-kaɗan kwana uku, in ya huce a goge shi da ɗanyar ƙasa, launin zinariya ya fito. Iyakar abin ke nan.

Binciken da aka yi tun wajen shekara ta 2000, musamman a Sifen da Italiya, ya bayyana abin da ke faruwa a cikin tanderun. In zafi ya kai wajen digiri 550 zuwa 600, ruwan ƙarau bai narke ba tukuna, amma ƙwayoyin azurfa da jan ƙarfe su kan kutsa cikin fatarsa, su yi musanya da ƙwayoyin gishirin tokar da ke ciki. Farar wutar da ke cikin haɗin tana taimakon wannan musanya, watau ba don ado Abul Ƙasim ya ambace ta ba. Sa'an nan hayaƙi, wanda ke yunwar iskar oksijin, ya zare ta daga jikinsu ya bar su tsantsar ƙarfe, ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, jere cikin wani shimfiɗi wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Haske ya na shiga wannan shimfiɗi ya dawo, shi ne walƙiyar. Babu zinariya a ciki ko ƙwaya. In zafi ya gaza, zanen ya goge tare da ƙasar da a ke goge shi da ita. In ya zarce, ƙarau ya yi taushi ya cafke dattin haɗin, kwano ya fito da baƙin tabo. Tsakanin gazawa da zarcewa tazara kaɗan ce, kuma dukan sana'ar a cikin wannan tazara ta ke. A kanta Abul Ƙasim bai ce kome ba sai hayaƙi kaɗan.

Kwana ukun ma abin tuhuma ne. Piccolpasso, mutumin Italiya, wanda ya rubuta littafinsa na ginin tangaran wajen 1557, ya bayyana gashin ƙyalli na 'yan awoyi kawai, ya kuma ce sau da yawa cikin kwanuka 100 da ƙyar a ke samun 6 masu kyau. Alan Caiger-Smith, maginin Ingila wanda ya shafe shekaru yana gwada wannan gashi da itace kafin ya buga littafinsa a 1985, shi ma bai bukaci kwanaki ba. Mai yiwuwa Abul Ƙasim ya ƙidaya lokacin duka ne, tun daga ɗumama tanderu sannu a hankali har hucewarsa, sai ya faɗa a dunƙule. In haka ne, kuskuren irin na mai kallo ne, wanda ya ga an rufe tanderu ran Asabar an buɗe ran Talata.

A kan ce ya yi shiru ne don tsare asirin gidansu. Zancen ya na da daɗin ji, kuma gaskiya ne cewa sana'ar ta kan zauna a hannun gidaje kaɗan. Amma mai ɓoye asiri ba ya fara da zayyana kayan haɗi da awonsu. Abin da ya fi kama hankali shi ne, abin da ya rage ba ya rubutuwa a zamanin da babu ma'aunin zafi. Mai hura wuta ya na duban launin cikin tanderu ne, ya ji warin hayaƙi, ya san lokacin ƙara itace, kuma ko an tsare shi da tambaya iyakar abin da zai ce shi ne sai ka ga ya yi. Ban da haka, littafin na duwatsu ne da turare. Abin da ya ba shi izinin shigar da tangaran a ciki shi ne ya kira sana'ar wani reshe na alkimiya, watau fannin masu neman juya ƙarfe maras daraja ya koma zinariya. Sabo da haka idonsa a kan ma'adinai ya ke, daga ina a ke haƙo su, yaya su ke juyewa. Hannun mai zane bai dame shi ba. Mutum irin su Abu Zaid, wanda ya yi aiki tare da kakansa, ya ke sa hannu a kan kwanukansa daga 1186 zuwa 1219, ya kan kuma kewaye su da baitoci, wasu nasa na kansa, ba za a san da irinsa daga wannan babi ba. Su kwanukan ne suka adana wannan rabin labarin.

Sai abin da aka ɗora wa babin wanda bai faɗa ba. An daɗe a na koyar da cewa Musulmi sun ƙago ƙyallin zinariya ne domin shari'a ta hana ci da sha cikin kwanukan zinariya da azurfa. Hanin tabbatacce ne, duk ɗalibin da ya sauke Risala ya san shi, kuma abin sha'awa ne cewa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, mutumin Ƙairawan ne, inda alluna 139 na ƙyalli da aka sa wajen 862 su ke kewaye da mihrabin babban masallaci. Amma Abul Ƙasim bai danganta sana'ar da wannan hani ba, alhali a shafi guda ya ke koyar da manna zinariya ta gaske a jikin kwano. Fadojin halifofi ba su rasa kwanukan zinariya ba, kuma zanen da ke kan kwanukan ƙyalli, na makaɗa da mahaya da masu riƙe da kofi, har da wani na Masar mai hoton limamin Kibɗawa, bai yi kama da aikin masu tsantseni ba. Ya yiwu hanin ya ƙara wa kayan kasuwa a wurin wasu masu saye. Ya zama shi ne mafarin sana'ar, wannan babu shaida.

An kuma daɗe a na kiran babin tilo, ba shi da na biyu. Wannan ma ya faɗi, tun da aka san littafin duwatsu na Muhammadu Jauhari mutumin Naisabur, na 1196, wanda ya riga shi da shekara fiye da 100, ya na kuma ɗauke da haɗe-haɗen ƙyalli masu yawa. Inda babin ya taimaka ƙwarai shi ne wajen mai da Kashan matsayinta. A farkon ƙarni na 20 dillalan kayan tarihi da masana su kan raba kwanukan ƙyalli tsakanin Rayyu da Sawa da wasu garuruwa, bisa ga inda aka ce an tono su. Oliver Watson a littafinsa na 1985 ya tattara sunayen magina da shekarun da ke rubuce a jikin kayan, ya nuna duk hanyoyin Kashan su ke komawa. Harshe ma ya goyi bayansa tun da daɗewa: allon tangaran na bango kashi a ke ce da shi a Farisanci, ƙashani a Larabci, kuma da wannan suna Ibn Baɗɗuɗa ya ambace shi sa'ad da ya ke kwatanta shi da zilliji na Magrib.

Akwai wata jimla a babin da ba a cika tsayawa a kanta ba. Abul Ƙasim ya ambaci wani irin zane mai launi bakwai, wanda a ke yi a kan ruwan ƙarau a sake gasawa, ya ce a zamaninsa an riga an bar yinsa. Kwanukan irin wannan masu ɗauke da shekara sun tsaya a 1219, daidai lokacin da rundunar Mongol ta doso Farisa, watau shekara wajen 80 kafin ya rubuta, cikin garin da gidansu ke aiki. Shi ƙyallin zinariya da ya bayyana ya na raye a lokacin, ɗan'uwansa Yusufu na kan ganiyarsa. Allunan Kashan na ƙarshe masu ɗauke da shekara na wajen 1340 ne. A shekarun nan tanderun ƙyalli da a ke zance a duniya na Malaga ne a Andalus, inda Ibn Baɗɗuɗa ya tarar a na gina kwanukan a na kai su ƙasashe masu nisa.